Kafin ku ɗauki shatar kwale-kwale a dam

 Masu zana WAEC da NECO, Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a fito da sakamako mai kyau.

Duk lokacin da zangon karatu ya zo ƙarshe akwai maganar da take tashi a aji: ina za mu je yawo? Da can amsar ba ta wuce gidan zoo na Audu Bako, ko Gidan Makama, ko hawa Dutsen Dala. Yanzu waya ta ƙara wa ido kwaɗayi. Kuna gani a TikTok da Facebook yadda mutum shida ko takwas suke haɗa kuɗi su ɗauki shatar jirgin ruwa a Legas ko Dubai, jirgin nasu ne su kaɗai, suna zagaya tashar jiragen ruwa suna ɗaukar hoto. Saƙonni biyu da suka shigo filin nan sun tambayi abu guda: mu da ba mu da teku, za mu iya yin irin wannan a dam?

Za ku iya. Amma akwai magana, kuma ita ce ta cinye filin namu na wannan makon.

Bari mu fara da abin da kuke gani a bidiyon. A Legas irin wannan jirgi yakan tashi daga wajen Falomo a Ikoyi, inda hukumar kula da sufurin ruwa ta jihar, LASWA, take da tasha. Sai ya fito babban ruwan da ke gaban Marina, a hango tashar Apapa da manyan jiragen dakon kwantena, waɗanda kowanne ya fi filin ƙwallon makarantarku tsawo, daga nan ya gangara Tarkwa Bay, bakin tekun da sai ta ruwa ake zuwansa. Mu mutanen Dawakin Tofa muna da alaƙa da wannan wuri ko ba mu taɓa taka shi ba. Riɗi da zoɓo da cittar da ake loda wa tirela a kasuwar Dawanau, da yawansu ta waɗannan tashoshi suke fita zuwa ƙasashen waje. Wanda Allah Ya kai shi Legas wata rana, kallo ne da ya cancanci kuɗinsa.

Mu kuwa tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Abin da muke da shi madatsun ruwa ne, kuma jihar Kano ba ta da talaucinsu. Ga Watari a Bagwai, maƙwabtanmu, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 don noman rani. Ga Tomas ta wajen Ɗambatta, ga Challawa a Ƙaraye. Ga kuma babbarsu, Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wadda faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178, kuma da ruwanta ake noman shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura da Bunkure. Yaron da ya tashi bai san ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba, in ya tsaya a gaɓar Tiga zai ɗan yi shiru tukuna.

Sai dai ku san bambanci ɗaya tun daga gida. Jiragen da ke bidiyo an ƙera su ne don yawon buɗe ido. Waɗanda za ku tarar a dam jiragen aiki ne: kwale-kwalen katako na masunta, da na haya masu tsallakar da mutane da buhuna da babura daga wannan gaɓa zuwa waccan, wasu da inji, wasu da filafili. Babu tikiti, babu takardar da aka rubuta adadin fasinja a jikinta. Duk ƙa'idar da kamfani yake shimfiɗa wa masu shata a Legas, a nan ku da malaminku ne za ku shimfiɗa wa kanku.

To mece ce shata? Kun san ta a mota. In kuka shiga motar haya a tasha, sai ta cika take tashi, kuma direba ne yake yanke lokacin da ta cika, shi ya sa ake zama huɗu a baya biyu a gaba. In kuka ɗauki shata kuwa kun biya kuɗin motar gaba ɗaya, ko ku biyu ne. Wato a cikin kuɗin da kuka biya har da na mazaunin da ba kowa a kansa. A mota wannan fili jin daɗi ne kawai, a miƙe ƙafa. A jirgin ruwa shi ne yake riƙe bakin jirgin a saman ruwa.

Ga inda matsalar take shigowa, kuma ba daga mai jirgi take fara shigowa ba, daga aji take farawa. A ce, misali kawai, mai jirgi ya ce shata naira 30,000, jirgin kuma na mutum goma ne. Kowa zai ba da 3,000. Sai wani gwanin lissafi ya ɗaga hannu: ai in muka zama ashirin, 1,500 kowa zai biya. Nan take aji ya ɗauki tafi. Wance ta ce ƙanwarta za ta bi ta, wane ya ce abokinsa na wata makarantar yana so. Ba wanda yake da mugun nufi, kowa sauƙi yake nema, kuma kuɗin ɗalibi kun san yadda yake. Amma a daidai wannan lokacin an sayar da filin da aka ɗauki shatar dominsa, an mayar da ita haya mai lodi, da hannun masu shatar.

Ba sai na je nesa neman misali ba. Ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka ruwan Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, yara maza da mata, za su je Maulidi. Jirgin ya kife. Zuwa washegari an tsamo gawa 29, akasarinsu 'yan shekara 8 zuwa 15. Kakakin hukumar kashe gobara ta jihar Kano ya shaida wa 'yan jarida cewa jirgin bai kamata ya ɗauki fiye da manya 12 ba, amma aka cika shi fiye da kima. Gwamnatin jiha ta dakatar da jigilar fasinja a wannan mashigi bayan abin ya faru. Kuma ba shi ne na farko a wannan ruwa ba, don a 2008 ma jirgin 'yan rakiyar amarya ya kife a can, an rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Wasu daga cikin yaran nan da yanzu suna aji ɗaya da ku, ko suna gabanku. Ban kawo labarinsu don in tsorata ku ba, kuma ban kawo shi don in ɗora laifi a kan mutanen Badau ba. Su ba yawo suka fita ba, ruwa ne hanyarsu mafi kusa, zagaye ta ƙasa yana da nisa da tsada. Ku kuwa da za ku je kallo, babu abin da ya tilasta muku. Ba ku da taron da za ku makara, ba ku da kasuwar da za ta tashi. Mai zuwa yawo ya fi kowa ikon cewa a rage mutum ko a fasa.

Akwai kuskuren da manya ma suke yi, wai yara ba su da nauyi. 'Yan ajin kimiyya, ku matso, wannan darasinku ne. Arkimidis, masanin nan na Girka da ya rayu fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya gano cewa abin da yake yawo a saman ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa nauyin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka duk kilo ɗaya da aka ƙara wa jirgi, dole ya ƙara nutsewa har ya ture ƙarin lita ɗaya.

Mu ɗauki kwale-kwale mai tsawon mita 7, faɗinsa a tsakiya mita ɗaya da ɗan wani abu, ya tsuke a gaba da baya. Filin da ya mamaye a saman ruwa zai kai kamar murabba'in mita 6. In ya nutse da santimita ɗaya ya ture lita 60, wato kilo 60. Ɗalibin babbar sakandare da jakarsa da gorar ruwansa bai yi nisa da wannan nauyi ba. Kun ga lissafin ya zo da sauƙi: mutum ɗaya, santimita ɗaya. In da mutum goma tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa santimita 25 ce, to da kuka ƙara goma ta koma 15. Ku ɗauko rula ku duba 15, rabinta ne. Abin da ya raba ku da ruwa mai zurfin gida sama ke nan.

Wani zai ce ai har yanzu akwai saura. Akwai, in ruwan yana kwance kamar na cikin randa, kowa kuma ya zauna kamar gunki. Amma ruwan dam yana da igiya idan iska ta taso, kuma wani jirgi mai inji in ya gifta yakan turo tasa igiyar. Mutane kuma suna motsi. Tsuntsu ya tashi ta dama, kowa ya karkata dama, sai bakin jirgin na wannan ɓangaren ya sunkuya. Da ruwa ya fara shiga, wata matsalar ta biyu ta taso: ruwan da ke cikin jirgi ba ya zama wuri ɗaya, yana gangarawa ne ɓangaren da ya riga ya sunkuya, ya ƙara danne shi. Bokiti biyar na lita 20 kilo 100 ne, kamar mutum biyu da suke gudu zuwa inda bai kamata ba duk lokacin da jirgi ya karkata. Daga nan sai firgita, wani ya miƙe tsaye, kuma tsayuwa tana ɗaga nauyi sama, jirgi ya ƙara saurin juyawa. Duk wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Shi ya sa nake roƙon masu son hoto: a ɗauka a zaune. Hoton nan na kowa ya taru a gefe ɗaya ya ɗaga yatsu biyu, a yi shi a gaɓa kafin a shiga. In waya ta faɗa ruwa, ta tafi, kada wanda ya miƙa jiki ya bi ta.

Wannan matsala ta lodi ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma ba sabuwa ba ce. A Ingila a ƙarni na 19 masu jiragen dakon kaya sukan cika tsofaffin jirage fiye da kima, su yi musu inshora, in sun nutse da ma'aikata su karɓi kuɗi, har ake kiran irin waɗannan jirage akwatin gawa. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa a kan haka har aka yi doka a 1876 da ta tilasta zana alama a jikin jirgi. Da'ira ce da layi ya ratsa ta tsakiya. In ruwa ya rufe layin, an wuce ƙa'ida, kowa yana gani daga gaɓa, babu gardama. Har yau manyan jiragen da ke Apapa suna ɗauke da wannan alama. Kwale-kwalen dam ba shi da ita, amma kuna da ido, kuna da rula. Bayan kowa ya zauna, kafin a kwance igiya, ɗaya daga cikinku ya duba bakin jirgin. A ra'ayina in tazarar ba ta kai tsawon rula ba, wani ya sauka.

Yanzu yadda za a yi magana da mai jirgi. Kada ku je ranar tafiya ku fara ciniki da taron aji a bayanku, don a wannan yanayi ba wanda zai iya cewa a fasa. Mutum biyu da malami su je tun kwana biyu ko uku kafin ranar. Ku fara da gaida ma'aikatan dam da shugaban masunta, wanda a wurare da yawa ake kira Sarkin Ruwa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Su suka san wane jirgi ne mai lafiya, wane matuƙi ne mai natsuwa, ina ne ba a zuwa. Kusa da inda ake sakin ruwa da inda yake malala in dam ta cika, ba wurin kallo ba ne ko kaɗan.

Sannan wata 'yar dabara: kada ku fara faɗin yawanku. In kuka ce, "Baba, mu goma sha takwas ne, jirgin zai ɗauke mu?" amsar da za ku ji ita ce zai ɗauka har da ƙari. Ku juya tambayar. "Sannu da aiki Baba. Wannan jirgin, in ana so a zauna a wadace ba a matsu ba, manya nawa yake ɗauka?" Abin da ya faɗa, ku cire biyu, ku kuma tuna shi da yaronsa da malaminku duk a cikin lissafi suke. In kun fi haka yawa, a yi sawu biyu ko jirgi biyu. Rabin aji su zauna a inuwa su ci abincinsu, in na farko sun dawo su shiga.

Ba na son ku ɗauki mai jirgi a matsayin abokin gaba. Mutum ne mai iyali, da yawan kawuna yake cin abinci, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin da injinsa yake sha ya ninka. In kuka matse shi a ciniki har ya ga babu riba, zai nemi cike giɓin ta hanyar da ya sani, wato ƙara fasinja. Ku biya shi kuɗin da zai gamsu, sannan ku ƙulla sharaɗi a gaban shaida cewa ba za a ɗauki kowa a hanya ba. Ku duba cikin jirgin da idonku: akwai ruwa kwance a ƙasa? Akwai wurin da aka toshe da tsumma? Akwai abin kwarfar ruwa? In mai inji ne, akwai filafili ko da inji zai mutu a tsakiya? Man da ke ciki zai kai ya dawo?

Sharaɗin rashin ɗaukar kowa shi ne mafi wuya, kuma gara ku shirya masa tun yanzu. Za ku zauna, ga fili a bayyane, sai ga wata tsohuwa da ƙullin kayanta, ko wani bawan Allah da buhu biyu, ya ce don Allah 'yan makaranta ku rage mini hanya. Tarbiyyar da aka yi mana ba ta yarda mu ce a'a ba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma in kuka ɗauki ɗaya, na biyu yana bayansa, kuma ba ku da bakin hana shi. Abin da nake ganin ya fi shi ne ku ware ɗan canji daga kuɗin karo-karo. Malaminku ko monita ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, an ƙidaya mu ne, amma ga kuɗin jirgin da zai tashi bayanmu." An girmama ta, an kuma bar filin yadda yake.

Sai rigar kariya, wadda take hana mutum nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta daɗe tana nanata abu biyu: kada a shiga jirgi ba rigar, kada a yi tafiyar dare. Rigar ba ado ba ce, kuma riƙe ta a hannu ko zama a kanta daidai yake da barin ta a gida. A sa ta, a ɗaure maɗaurinta duka. Gwajinta mai sauƙi ne: abokinka ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, in ta haura kunnuwanka ta yi maka yawa, a ruwa za ta zame ta bar ka. 'Yan mata, a ɗora ta a kan hijabi, kuma ranar a zaɓi hijabin da bai kai ƙasa ba, don yadi mai yawa in ya jiƙe yana naɗe ƙafa. Samari ma a bar babbar riga da takalmi mai nauyi a gida.

Na san abin da za ku ce: in babu rigunan fa? Tambaya ce ta gaskiya, don ba kowane mai jirgi yake da su ba. Wannan aikin makaranta ne, shi ya sa tafiyar take bukatar shugaban makaranta ya sani, ba monita kaɗai ba. Makaranta tana iya neman aro ko haya, tana iya tuntuɓar hukumar kashe gobara, waɗanda su ake kira in wani ya faɗa ruwa a jihar nan, ta nemi shawararsu. In an yi duk wannan ba a samu ba, amsata ba za ta yi muku daɗi ba: a je dam, a yi kallo daga gaɓa, a bar jirgin sai wani zangon.

Masu cewa sun iya iyo, ina jin ku. Iyon da kuka koya a kududdufi ko rafi, inda in ka gaji ƙafarka za ta taɓa ƙasa, daban yake da faɗawa ruwa ba shiri, da kaya a jiki, gaɓa tana can nesa, ga wanda bai iya ba ya riƙe maka wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne ruwa yake ci a shekara, yara da matasa suna da kaso mai yawa a ciki. In wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A miƙa masa filafili ko sanda, ko a jefa masa jarka marar komai da aka rufe bakinta gam. Jarkar lita 25 tana iya riƙe kan mutum a sama har a jawo shi. Ku tafi da biyu, ku ɗaura musu igiya, ba su da tsada. In kuma jirgin ne ya kife, jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa ƙasa nan take, a riƙe shi a yi ta kiran taimako ya fi a kama iyo zuwa gaɓar da ido yake gani kusa alhali ba kusa take ba.

Lokaci ma yana da nasa. Hatsarin da ya faru a kogin Neja ta wajen Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, wanda ya ci fiye da mutum 100 da suke dawowa daga biki, cikin dare ya faru. A duhu matuƙi ba ya ganin kututturen itatuwan da ruwa ya rufe, waɗanda madatsun ruwa ba sa rabuwa da su tunda gonaki da daji aka mamaye aka yi su, kuma masu ceto ba sa ganin wanda za su ceta. Ku tafi da safe, ku fito kafin azahar. Ku lura kuma cewa lokacin da kuke gama jarrabawa ya faɗo cikin damina, lokacin da hadari yake haɗuwa daga gabas cikin ɗan lokaci, iska mai ƙarfi tana gabansa. In gabas ta yi duhu ba a shiga, in ana ciki a nufi gaɓa mafi kusa, ba sai wadda aka taso ba. Da ni za a tambaya, da kaka na zaɓa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba: dam ta cika, sama ta washe, hazo da sanyin hunturu ba su sauko ba.

Iyaye kuwa, a gaya musu gaskiya. Kada a ce za a je dam a ɓoye maganar jirgi. Wanda aka hana a gida ya haƙura, kuma kada aji su mai da shi abin tsokana. A rubuta sunayen masu shiga kowane sawu a takarda, a bar ta a hannun wanda yake gaɓa, da lambar wayar wani babba. A ƙidaya kai wajen shiga, a ƙidaya wajen fita. Wani ƙaramin abu da ake mantawa: ruwan dam da ba ya gudu, musamman bakin gaɓa mai ciyayi, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda take shiga ta fata. Ba sai an tsoma ƙafa ana wasa ba.

Kada duk wannan ya sa ku ɗauka tafiyar ba ta da daɗi. Jirgin da ba a cika ba shi ne ake jin daɗinsa. Kuna da filin juyawa ku kalli ko'ina, kuna iya ce wa matuƙi ya rage gudu ko ya kashe inji ku saurari ruwa, abin da fasinjan haya ba ya samu. Ku tafi da littafin rubutu. Ku tambayi matuƙin sunayen kifin da ake kamawa, za ku ji karfasa da tarwaɗa da wasu da ba ku taɓa ji ba, ku tambaye shi wane wata kifi ya fi yawa, me ya sa ake hana raga mai ƙananan ido. Ku duba tsuntsaye, balbela da zalɓe da kirinjijiya. Ku dubi alamar da ruwa ya bari a jikin duwatsu da gaɓa, ita za ta nuna muku inda yake kaiwa in dam ta cika da yadda yake ja da baya da rani. Ku tambayi dattawan wurin ina garuruwan da aka tasa lokacin da aka yi madatsar suka koma. In akwai lokaci ku bi babbar hanyar ruwan da ta fita daga dam zuwa gonakin rani, ku ga inda tumatir da albasar da ake kawowa kasuwanninmu suke shan ruwa. Darasin labarin ƙasa na zango guda yana nan a yini ɗaya.

Ajin da ya je, ina jiran rahotonku a wannan fili, shafi ɗaya ya isa. Ku rubuto wace dam ce, ku nawa ne a jirgin, mutum nawa mai jirgin ya ce yana ɗauka, da santimita nawa kuka auna tsakanin bakinsa da ruwa bayan kowa ya zauna. Wanda ya fi tsari za mu buga shi da sunan makarantarku. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake cike fom ɗin JAMB ba tare da an zaɓi kwas saboda aboki ya zaɓa ba.